Ranar da na kira sunanka a tsakar gida

Assalamu alaikum, Malam.

Na san ba za ka karanta ba. Ko kana da rai ma dariya za ka yi wa rubutuna na yaƙi da jahilci, ka ce kaji sun yi tono.

Takwaranka ne ya faɗi. Jikan nan namu mai tuƙa Keke a Gusau, wanda nake tsokana da angona marowaci. Ranar sunan 'yarsa a Damba ya ɗauko buhun shinkafa, sai ya kife kamar an sare dawa. Ido ya kafe. Yana wani minshari yana jan iska da ƙyar, ya tsaya, ya sake ja.

Malam, na san minsharin nan. Shi ka yi a gonarmu ta Bungudu. Muka kwara maka ruwa, muka turara, muka zauna jira don an ce ai kana numfashi. Ashe zuciya ce ta tsaya. Wa ya gaya mana a lokacin?

Wannan karon ma an kawo ruwa da albasa. Sai Hadiza, 'yar maƙwabta mai aikin asibiti, ta ture kofin. Ta girgiza shi, ta ce a kira sunansa da ƙarfi. Ni ce kusa. Ni da ban taɓa furta sunan nan ba tun da aka kai ni ɗakinka, na buɗe baki na kwarara Garba har bayan layi. Ko motsi bai yi ba. Hadiza ta tura a nemo mota, ta ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ta shiga dannawa da ƙarfi da sauri kamar mai kirɓa fura. Na ji haƙarƙarinsa ya ce ƙas. Ba ta tsaya ba.

Nan ƙanenka Sani ya taso yana ihu wai mace na dukan gawa, ya finciki mayafinta. Ka san muciyar tuwon suna? Da ita na rotsa masa goshi. Jini ya wanke masa ido. Wani ya matso, na ba shi a gwiwa. Na tsaya a kansu da muciya ina rantsuwa duk wanda ya taɓa yarinyar nan sai an yi jana'iza biyu. Tsohuwa da ni!

A bayan a-kori-kura aka sa shi, Hadiza na dannawa, da ta gaji ɗan'uwansa ya karɓa. A asibiti suka manna masa na'ura, wuta ta daka shi, jikinsa ya zabura. Malam, ya dawo.

Yanzu yana kwance yana mita wai an karya masa ƙirji. Na ce da na bar shi da sai in yi takaba sau biyu? Sani kuma ya daina gaishe ni, yana yawo da ɗinki a goshi.

Abin da ke cina, da akwai mai danna naka ƙirjin, da yanzu kana nan kana kushe miyata? Allah ne masani. Amma da na yi ihun nan, ba yaron kaɗai nake kira ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Garba. Ka ga, na sake faɗa.

Taka mai muciya,
Inna Ladi