Ba Ruwan Wanka Ba Ne, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike kwance. Ɗiyarki Rabi ce, daga Ƙaura Namoda. Na san ba za ki karanta ba. Na rubuta ne inda kowa zai gani, don a bainar jama'a aka ɓata miki suna.

Tun kafin a haife ni Gwaggo Asabe, yayar Baba, ta yanke miki hukunci. Da aka gane Yaya Sani ba ya ji, ta ce ke kika bari ruwan wanka ya shige masa kunne yana jariri. Na taso na tarar da maganar zaune a gidanmu na Shinkafi kamar turmi a tsakar gida. Duk suna sai ta ce wa mai jego, "Ki kula da kunne, kada ki yi irin ta Hajo." Kina ji, ki sunkuyar da kai ki ci gaba da tuƙa tuwo. Baba kuwa sai ya kau da kai.

Tun daga nan ba a raba ki da auduga, kullum ƙulle a gefen zane.

Da na auri Bello, ɗan Gwaggon, na haifi Hafsatu, kika biyo motar 'yan kasuwa ta hanyar nan da ake tare mutane, don kada kowa ya yi mata wanka sai ke. Ki murza auduga, ki toshe kunnen dama, ki toshe na hagu, ki yi bisimilla, sannan ki zuba mata ruwa.

Hafsatu tana rarrafe wata tasa ta faɗi a bayanta, har kaji suka watse, ita ko waiwaye. Na ga fuskarki. Kika ce, "Hannuna ne, Rabi." Ba ki sake ɗaukar jaririn kowa ba har kika koma ga Allah.

Inna, ƙarya aka yi miki. Bara mun kai Hafsatu asibiti a Sakkwato, likitar kunne ta zauna ta yi mana bayani. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani abu naɗaɗɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi, ido ba ya ganinsu. Sauti ya kaɗa gashin, su aika saƙo ƙwaƙwalwa, shi ne ji. Na Hafsatu tun tana ciki ba su ginu daidai ba, saboda ƙwayar gadon da ke tsara su ta zo da tangarɗa. Ruwan wanka ko kusa ba ya kaiwa wurin. Kuma irin wannan kurumta ba ta fitowa sai yaro ya gado ta wajen uwa ya gado ta wajen uba, su kuwa iyayen suna ji garau.

Kin ji? Na Yaya Sani rabi naki ne, rabi na Baba. Na Hafsatu kuma rabi nawa, rabi na Bello, ɗan wadda ta yi ta nuna ki da baki.

Na je Shinkafi na faɗa musu. Gwaggo ta tafa hannu ta ce a zuri'arsu ba a taɓa yin kurma ba, bokon likitoci ne. Baba ya ci gaba da auna gero, ya ce wanda ya mutu ai ya huta. Wallahi raina ya ɓaci, har yau bai huce ba. Shekara da shekaru kina kallon hannuwanki kamar na mai laifi, kuma ko "Allah Ya ba ki haƙuri" ba su iya cewa ba.

Yaya Sani kaɗai ya fahimta. Da na kwatanta masa da hannu, ya je ya ɗauko tsohon zanenki ya rungume.

Na sake haihuwa, Inna, namiji. Ban sani ba tukuna ko yana ji. Ranar wankan farko Gwaggo ta miƙo mini auduga. Na karɓa na jefa a murhu tana kallo, na yi wa ɗana wanka kunnuwansa a buɗe.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya isar miki da abin da ba su yarda su faɗa ba. Hannunki bai kurmantar da kowa ba, Innata.

Ɗiyarki,
Rabi