Taɓon Bakin Tekun Joson

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Ya ciwon gwiwar nan? A gaishe min da mutanen garinmu Chaozhou duka.

Ni da autanki Shunfa muna nan ƙasar Joson lafiya. Sarkinmu ya aiko jiragenmu mu taya mutanen nan korar Japanawa daga gaɓarsu, amma tun zuwanmu sai zaman jira, ba gaba ba baya. Na kasa zama wuri ɗaya. Shunfa kuwa ko a jikinsa, shinkafa kawai yake narka kamar gara.

Abin da ya hana ni sukuni, an sa shi a ƙananan kwale-kwalen da ake turawa gaba cikin bakin kogi, inda harsashi ke fara sauka. Ke kuma kin ce kada in kuskura in dawo miki ba shi. Na yi ta yi wa shugabanmu naci har ya mayar da shi babban jirgi mai igwa, ni na karɓi gurbinsa. Ko godiya! Wai, "Yaya, ka samo zani ka goya ni mana, ka huta." Na ce ya rufe min baki. Ki kwantar da hankalinki.

Ɗanki,
Shungui

Inna,

Ina gaishe ki, da fatan jiki da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun.

Shekaranjiya muka kutsa har gindin ganuwar Japanawa da cikar ruwa. Inna, tekun nan ba irin namu ba ne. Namu a hankali yake janyewa, wannan kuwa gudu yake, kafin ka ankara taɓo ne iya ganinka. Mu da muka tashi a ruwa muka raina shi. Mu na ƙananan kwale-kwale muka zame muka fita. Manyan jiragen suka kafe cik. Japanawa suka sauko da ƙafa, wuta a hannu, suka cinna wa jiragen. Ina kallo, ina ihun sunan Shunfa, mutum uku suka danne ni don kada in dira cikin taɓon.

Yanzu duk janyewar ruwa ina cikin taɓon nan ina juya gawarwaki. Ban gan shi ba. Wasu sun ce an kama mutane da rai, shi ya sa ba zan biyo jirgin gida ba.

Kada ki sa fararen kayan makoki tukuna, na roƙe ki. Inna, da na bar shi inda aka ajiye shi, da yanzu yana nan yana yi min rashin kunya.

Ɗanki,
Shungui