Ɗigon Jan Farcen Pomaa

Litinin, 4 ga Maris

Na buɗe shagona na haɗa kayan sauti a mota yau, kwana ashirin da rasuwar matata Pomaa. Suame, unguwar makanikai, na nan yadda na bar ta, kowa na dukan ƙarfe kamar ƙarfen ya zagi uwarsa. Boakye mai fenti ya leƙo: "Farfesa, ka dawo? Mun huta da kiɗanka, ga shi za mu koma wahala." Wai ta'aziyya ke nan. Na gode masa.

Alhamis, 7 ga Maris

Na ƙona wa wani direban tasi sifika biyu. Ni! Shekara ashirin da huɗu ina yi wa mutane huɗuba cewa gen ɗin amfilifaya ba makunnin ƙara murya ba ne: a kai rediyo kashi uku cikin huɗu, a murza gen a hankali har sauti ya fara tsagewa, sai a ɗan dawo baya. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, kunnena ya daɗe da daina jin wannan tsagewar. Pomaa ce ke ji. Shi ya sa ba na saita mota sai azahar, in ta kawo mini dokunu, tuwon masaran nan mai tsami, da kifi. Ta zauna a kujerar gaba kamar mai hutawa, ni ina but ɗin baya da sukundireba. Ta ɗaga hannu, in tsaya. Duk Kumasi ana yabona, wai kunnen Amankwaa, alhali kunnen yana gida yana daka barkono.

Asabar, 9 ga Maris

Azahar ta yi, ta wuce. Ɗaki cike da littattafai, babu mai babi a kan wannan.

Laraba, 13 ga Maris

Rediyon motarmu ya mutu, na sa sabo. Gen kuwa ban taɓa ba. Yana daidai kan ɗigon jan farcen da Pomaa ta sa da hannunta ranar da muka saita shi. Ta ce mini, "Kwadwo, nan ne iyakarka. Ka wuce, in koma gidan ubana." Na san sabon rediyo ya fi tsohon ƙarfin turawa. Ɗalibin da ya yi haka da na kore shi.

Lahadi, 17 ga Maris

Na ɗauko 'yarmu Nyarkoa daga coci. Na sa waƙar ƙungiyar mawaƙan cocin, wadda Pomaa ke jan baiti na biyu ita kaɗai. Ita za mu sa a motar ranar arba'in, in mun tafi Mampong wajen danginta. Baitin bai kai rabi ba Nyarkoa ta kashe.

"Paapa, muryar Maame tana tsagewa."

Na ce lafiya lau nake jin ta.

"Kai dai kake ji. Kamar ana yaga zane."

Na ce uwarta ce ta saita. Ta ce, "Da wane rediyon?" Kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Ashe kwana huɗu ina yawo da matata tana ƙara, ni kuma ina gyaɗa kai.

Talata, 19 ga Maris

Nyarkoa ta zo shago da azahar, daga wurin aiki, ba dokunu ba komai. Ba ta tambaye ni ba, ta shiga gaban motarmu ta zauna. Na mayar da gen ƙasa, na fara hawa. Ban kai ɗigon ba hannu ya tashi. Yadda ta karkatar da wuyan hannun... na daɗe da kaina cikin but, wai ina duba waya.

Boakye ya ɗaga murya daga shagonsa: "Farfesa, wa ke waƙar nan? Kai, Auntie Pomaa ce!" Ya ajiye abin feshin, ya tsaya har baitin ya ƙare.

Nyarkoa ta ciro jan farce daga jaka. Nata ruwan hoda ne, mara kyau. Na bar ta ta ɗiga. Tsohon ɗigon yana nan, ɗan gaba kaɗan.

Ta ce Alhamis ma tana da hutun azahar. Na kira direban tasin, na ce ya kawo motarsa Alhamis da azahar.