Tukunyar da Audi Zai Kawo

Birnin Gwari, 3 ga Yuli

Inna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ɗanki, maigidana.

Na je awo. An ce cikin ya shiga wata bakwai, amma ɗan bai kai yadda ake so ba. Wallahi tun da na ji ban da sukuni. Kwana tara ɗin da muka yi a daji bayan 'yan bindiga sun shigo garinmu Gwaska, ban da ɗinya ba abin da na sa a baki. Ga uban babu, ko tsire bai samu ya sayo wa cikin nan ba. Ina tsoro, Inna. Shi kaɗai ya bar mana. A sa mu a addu'a.

Taki,
Bara'atu

Birnin Gwari, 9 ga Satumba

Inna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya, albishirinki! Na sauka yau da hantsi, namiji, kilo uku har da ɗoriya. Sai na ga kunnuwan nan na gidanku, dariya ta zo mini tare da kuka.

Sista Lydia, nas ɗin da ta karɓi haihuwar, ta ga hawayen ya ƙi tsayawa. Na gaya mata yaron bai ci komai na ubansa ba. Ta ce ba haka ba ne, ta nuna mini mabiyiya. Wai ƙwayoyin gadon da ke cikinta ba duka ke aiki ba: akwai waɗanda na uba kaɗai ke tashi, su ne masu jawo wa ɗa abinci daga jikin uwa, na uwa kuma suna taka musu burki kada ta ƙare. Na ce kai, ashe halinsa ne! Mutumin da ba ya barin kowa ya tashi daga kwano.

Shi ya sa na hana a binne ta a gidan hayar da nake zaune. Na wanke ta na rufe a tukunya, Audi mai babur zai kawo miki tare da takardar nan. Don Allah a binne ta a bayan ɗakin marigayi. Wata tara yana ciyar da ɗansa, Inna, ni da ke muna zaton ya tafi.

Surukarki,
Bara'atu