Dunduniyar Takalmin Kawu

Damagaram, daren Laraba, tsakiyar bazara

Gwiwar hagu ta sake kumbura. Jibi ne gudun ɗaukar soja, kuma sarjan ya ce duk wanda ya zo ba takalmi ya koma gida. Gida wajen me? Rumbunmu na Dogo ko ɓera ya daina leƙa shi.

Tun ina yaro a kan gaban ƙafa nake dira in ina gudu. Wannan takalmin da Kawu ya samo mini cikin kayan agaji dunduniyarsa tudu ce, dole ita ke fara taɓa ƙasa, kowane taku sai na ji shi cikin gwiwa. Na faɗa wa Kawu, ya ce, "Kai dai bakinka ya fi ƙafarka gudu. Takalmin Nasara ne za ka koya wa aiki?" Da ƙyar na haɗiye amsar. Wanda ya ƙera shi ya taɓa ganin ƙafata ne?

Bayan isha'i na ari wuƙar Inna na fere dunduniyar har ta daidaita da gaban. Na zagaya unguwa da gudu, zafin ya ragu sosai. Takalmin kam ya yi muni. Gobe Kawu zai gani ya ce mini butulu. Zan durƙusa in saurare shi har ya gaji, tunda yanzu gwiwar ta yarda ta lanƙwasu.