Babu Ƙauye Mai Suna Ha Nthako

Ƙanwata Ntsoaki,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya tumaki? Ni lafiya lau a gonar Bature, tarin nan ne kawai, bai kuwa hana ni aiki ba.

Wasiƙuna biyu sun dawo min. Wai babu Ha Nthako, yanzu Ha Pita ake kiran ƙauyenmu. Pita mai kanti! Kakanmu Nthako ya fara kafa garke a gindin dutsen nan, kabarinsa na bayan ɗakinki, kuka yi shiru.

Faston da ke rubuta min wasiƙu ya ce, "Baba, bi zamani mana." Na ƙi. Tsohon sunan na sa a ambulan. In wannan ma ba ta iso ba, ku kuka yi ƙaura, ba ni ba.

Allah ya tsare.
Yayanki, Lefu