Hoton da Za a Sa a Fosta

Godogodo, watan Agusta

Yaya Silvanus,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Kaduna, yaya Anti Hellen da yara? Na rubuto da hannu na ba direba ne saboda a waya kana da cuta guda: ka ɗauka, ka ce "ina mitin", ka kashe. Takarda dai ba ta da wurin kashewa.

Na ajiye mashin. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye na bar acaɓa a Kafanchan na dawo gida. Shekara nawa ina gudu tsakanin kasuwa da tasha, ina zagin duk wanda ya tare mini hanya, kuma ban isa ko'ina ba.

Hausa ta gudu daga bakin Baba, Turancin mishan ɗin ma haka. Yarenmu kaɗai ya rage, shi ma kafin kalma ɗaya ta fito tukunya ta tafasa. Ka san ni, ni ke ƙarasa wa mutane maganarsu, har Fasto. Da farko na riƙa ƙarasa masa, sai ya kawar da kai. Yanzu na koyi rufe baki. Da safe in riƙe shi mu taka zuwa gindin mangwaro, in ba shi kunun acca, in karanta masa littattafan gwanjon nan nawa da kake cewa sun lalata mini kai. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya ɗaga ido. Ba ni yake nema ba, ni ina gabansa.

Ka zo.

Ƙanenka,
Yafet

Kaduna, watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Yafet,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na sami wasiƙarka, na kuma yafe maka kalamanta. Muna tunawa da Baba kullum a addu'ar safe.

Ba ka san aikin gwamnati ba. Ana tantance ma'aikata don ƙarin girma, wanda ya bar kujerarsa yanzu ya bar ta ke nan. Hutuna yana Disamba, in Allah ya yarda. Shawarata ka koma bakin aikinka, saurayi ba ya zaman gindin mangwaro. Ai Goggo Lai'atu tana nan.

Abu na biyu, ka karanta shi da hankalin manya. Mun zauna da 'yan garinmu da ke nan. Ba fata muke yi ba, amma ka tuna jana'izar mahaifin Dickson, yadda aka yi ta a gurguje, anko bai iso ba, har yau ana maganar. Baba dattijon ikilisiya ne, ba za mu sha wannan kunya ba. Hellen ta fara duba atamfa. Kai kuma ka buɗe akwatin Baba ka aiko mini da hotonsa na ranar bikin godiyar girbi, wanda ya sa kwat, domin mai buga fosta ya gyara shi da wuri.

Ubangiji ya kiyaye ku duka.

Yayanka,
Silvanus

Godogodo, watan Oktoba

Yaya,

Ina gaishe ka don Mama ta koya mana gaisuwa, Allah ya ba ta hutawa.

Na ƙi aiko maka da hoton, sai ka kira Goggo Lai'atu. Ashe kana da lokacin waya. Ina bakin rijiya ta shiga ɗakin ta jawo akwatin, a gaban idonsa, tana ta barbaza hotuna a tabarma tana cewa wai jikoki ne ke son gani.

Yaya, wa kuke yi wa wayo? Mutumin da ya shugabanci kwamitin jana'iza a cocin nan tun kafin a haife ni? Shi ne yake zuwa gidajen mutane yana cewa a nemo hoto mai kwat. Da na shigo na tarar ya miƙa hannunsa mai rai, yana nuna mata wanda take nema. Har ya ture na kusa da shi, wai wancan ya fi haske.

Na ce da ita, "Goggo, me ya hana ki auna tsawonsa gaba ɗaya, kafinta ya huta?"

Ta ce, "Bakinka zai kashe ka, Yafet." Ta sa hoton a jaka ta tafi.

Tun ranar bai sake duban titi ba. Kunu kuma cokali kaɗan, sai ya datse baki. Ka ce in koma aiki. Wannan ne aikin. In na tashi daga nan, gudun me zan je in yi? Kai dai ka zaɓa mana atamfa mai kyau, kada baƙin da za su zo jana'iza daga Zonkwa su raina mu.

Yana nan da rai. Na rubuta ne don kada ka manta.

Yafet

Kafanchan, watan Nuwamba

Yaya Silvanus,

Sannu da aiki. Na ji an yi maka ƙarin girma, Allah ya sa albarka.

Baba ya cika ranar Talata da hantsi, a gindin mangwaro, kansa a kafaɗata. Na kawo shi mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, kamar yadda ka umarta. Sun ce za su riƙe shi har Disamba, babu damuwa. Ka zo a tsanake.

Ya bar maka magana. Tun fitowar rana ya fara ta, ban ƙarasa masa ko kalma ɗaya ba, ya kai ƙarshenta da kansa. Ba zan rubuta ta ba, ba zan faɗa a waya ba, ba zan faɗa ranar jana'iza ana kiɗa ba. In baƙi sun watse kana nan, ka same ni a gida.

Ƙanenka,
Yafet